Mil Dubu Goma

Ran da na je gidan dillancin motoci a Duluth,
ƙanƙara ta kai gwiwa.
Darrell ya tarbe ni da kofi da murmushin ciniki,
ya ce, "Maren, saye wahala ne, yi haya ki huta.
Dala ɗari uku da arba'in a wata,
shekara uku ki maido, ki ɗauki wata."

Shuɗiya ce, kujerarta har ɗumama baya take.
Na shaƙi ƙamshin sabunta, lissafi ya bar kaina.
Na zube dubu biyu da rabi kafin alƙalami,
na sa hannu wuri bakwai, ban karanta ko ɗaya ba.

Babana Arvo, tsohon makaniki a Ely,
ya zagaya ta sau biyu, hannunsa na aljihu.
Ya ce, "Ta wa ce?"
Na ce, "Tawa ce."
Ya ce, "Miƙo takardar."
Ya gyara tabarau, ya bi layi da farce mai baƙin mai,
ya tsaya can ƙasa inda rubutu ya ƙanƙance:
mil dubu goma a shekara,
abin da ya hau, kowane huɗu dala guda.
Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Zo ki sha miya."

Ni kuwa jinya nake bi gida-gida.
Tsohuwa Ingrid tana bayan tafki,
Wendell mai ciwon suga yana ƙarshen kwalta.
Allura ba ta jira, hanya ba ta raguwa.
Kafin ganye ya zuba, na cinye rabon shekara.

Sai na fara awon zumunci da mil.
Zuwa gun baba da dawowa ɗari biyu da ɗoriya,
na mai da Lahadi huɗu ta koma ɗaya,
ɗayar ma wani sa'in waya.
Yakan ce, "Ba komai, hanya ba kyau,"
alhali rana ce tarwai a tagarsa da tawa.

Na hana karena shiga don gudun farce.
Na riƙa fakin nesa da kowa.
Zanen aro ba ya rufe katara,
ga inshora mai tsada, don masu ita sun ce sai cikakkiya.

Ran maidowa wani yaro ya fito da ma'auni,
ya durƙusa yana auna ƙarzuna kamar mai duba gyambo.
Mil dubu goma sha ɗaya sun hau:
dubu biyu da ɗari bakwai da hamsin.
Tayoyi sun suɗe, wannan ma nawa.
Na biya, na miƙa makulli,
na tsaya a bakin titi ina jiran bas,
aljihu ba nauyin ƙarfe, ba nauyin takarda.

Ban ce haya zamba ce ba.
Maƙwabciyata Odile ofishinta na bayan layi,
haya ta karɓe ta, ko bonet ba ta taɓa ɗagawa ba.
Hanyar kowa ita ke yanka masa riga.

Da dare baba ya juya bayan ambulan, ya wasa fensir.
"Kar ki tambayi nawa a wata.
Tambayi nawa gaba ɗaya,
har mai, har birki, har taya ta hunturu,
sannan me zai saura hannunki ran da biya ya ƙare.
In kuɗin mota na taɓa na haya da na cefane,
motar ce ke tuƙa ki."

Mun sami wata mai shekara takwas gun gwauruwar wani limamin coci.
Baba ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi da tocila,
ya ƙwanƙwasa inda gishirin hanya ke fara ci.
Daga can ƙasa muryarsa ta fito: "Tsatsa kaɗan. Za ta kai ki."

Toka-toka ce, rediyonta tasha biyu yake kamawa.
Kowane wata ina ware ɗari don ranar da za ta yi tari.
Kare na baya, hancinsa ya ɓata gilashi.
Yau Lahadi, mita na juyawa,
ban ko kalle ta ba
har na hango hayaƙin murhun baba.