Hawa na Biyar, Titin Walton

Wata bakwai ina auna Bronx da ƙafa.
In na tashi aikin dare a gidan kula da tsofaffi
sai in hau jirgi mai lamba huɗu,
in sauka inda ban san kowa ba,
in ɗaga kai ina karanta tagogi
kamar mai duba: wacce ce ba labule?

Inda muke, ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa.
Mai gidan ya ƙara dala ɗari huɗu a Janairu,
ko tari bai yi ba.
Teo, ɗana, na kwana jikin injin ɗumama gida,
ya ce gurnaninsa ya zame masa waƙa.

Kowa ya san akwai gidajen
da doka ta sa wa haya linzami:
kuɗin na tafiya, amma tafiyar hawainiya,
ba a tashin ka don wani ya fi ka aljihu.
Kowa ya san akwai. Ina? Oho.
Wanda ya samu ba ya fita sai a makara,
ba ya faɗa ko ƙanwarsa ce ta tambaya.

Dillali ya ce albashin shekara
sai ya ninka haya sau arba'in.
Na yi dariya har ya ji kunya.
Wani ya nuna mana ɗaki, bahon wanka a kicin,
mu goma sha tara a kan matakala,
kowa rungume da fayil kamar jinjiri,
ba mai kallon idon wani.

Sai Ilir, mai gyaran wani tsohon bene.
Mahaifiyarsa ce a gado na shida,
ni ke juya ta ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu.
Ya tare ni a ƙofa yana murza hula:
"Odalys, Misis Perlmutter ta rasu ran Talata.
Hawa na biyar. Shekara arba'in da ɗaya.
Kada ki ce ni na faɗa."

Na ce Allah ya ji ƙanta.
Kafin in rufe baki
zuciyata ta riga ta tambayi ɗaki nawa ne.
Wannan ban kai shi coci ba ran Lahadi.

Lif ya mutu, muka hau da ƙafa.
Warin albasa da tsohuwar jarida.
Famfo na ɗiga.
Taga ɗaya na kallon bangon maƙwabta,
ɗayar, in ka leƙa ka karya wuya,
ga fitilun filin wasa can.
A jikin ƙyauren kicin, layukan fensir:
Joel 1986, Joel 1988, Joel 1991,
nan ya tsaya, daidai kafaɗata.
Ban tambaya ba. Ilir ma ya kalli silin.

Dubu ɗaya da ɗari uku da sha biyu.
Na sa hannu biron na rawa.
Layin da ya ce sabuntawa haƙƙina ce
na karanta shi sau uku, da yatsa,
kamar 'yar aji ɗaya.

Mai fenti ya zo ran Litinin,
na ce ko'ina, ban da ƙyauren nan.
Teo ya jingina, ya yi ɗage.
Na ce sauke dugaduganka, ɗan wayo,
na ja masa layi,
yatsa biyu ƙasa da 1988.

Daren farko bai runtsa ba, wai shirun ya yi yawa.
Ni ma haka.
Wasiƙunta na zuwa har yanzu,
ina tara su a kwalin takalmi,
ban san wa nake ajiye wa ba.

Da safe, shayi a hannu, na leƙa ƙasa.
Wata mata, fayil a hammata,
ta ɗaga kai tana karanta tagogi.
Idonta ya tsaya a tawa.
Ban sayi labule ba tukuna.
Na ɗauko zanin gado, na rataya.