Zalɓen Katako

Ni nake buɗe ƙofa ƙarfe tara,
in kunna fanka, in share ganyen kwakwa
da iskar teku ta watso cikin dare.
Shekara goma sha tara ke nan.
Na san gidan tarihin nan kamar yunwar cikina:
wuƙaƙen keris masu tafiyar maciji,
zannuwan songket da zinariyarsu ta fara barci,
batta ta tagulla ta ganyen sirih,
da wasiƙar wani mai gari cikin ajamin Jawi
wadda 'yan makaranta ke wucewa
kamar ba da su take magana ba.

Ran Talata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
ban sa ran kowa ba.
Sai ga Mek Kelsom, laima a karye,
jikanta na tallafe da gwiwar hannunta.
Ta ajiye ringgit biyu a kan tebur,
na ce tsofaffi kyauta ne,
ta ce ba ta zo roƙo ba.

Ko kallon keris ba ta yi ba.
Ta zarce ɗaki na uku, na kayan masunta,
ta ja birki gaban zalɓen katako,
irin wanda ake kafawa a goshin jirgi
ya yi gadin waɗanda suka fita nema.

Karanta mini, ta ce da yaron.
Ya sunkuya: Icen cengal.
Ya kai shekara tamanin.
Ba a san wanda ya sassaƙa ba.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Ba a sani ba?
Wa aka tambaya?

Derahman, ta ce, duba ƙarƙashin wuya, ta hagu.
Na san tabon. Kullum tsummana na maƙalewa a nan,
na daɗe da ɗora wa gara laifi.
Ba gara ba ce, ni ce.
Ina shekara shida na sheƙo a guje daga gida,
Baba, an haihu, namiji ne!
Gizago ya zame masa.
Bai gyara ba. Ya ce a bar shi, shaida ce.

Jusoh ɗan Endut, sunansa ke nan.
Jaririn ya girma, ya shiga jirgin tare da shi.
Wata damina suka fita su biyu,
zalɓen kaɗai teku ya tofo.

Doka ta ce kada a taɓa.
Doka ta ce gyaran suna sai da takarda,
takarda sai ta je birni,
birni sai kwamiti ya zauna.
Na dubi Mek Kelsom, na dubi numfashinta,
na ga ba za ta iya jiran kwamiti ba.

Makulli yana aljihuna.
Gilashi ya yi ƙara kaɗan, ya buɗe.
Ta sa ɗan yatsa cikin tabon, ya zauna daram,
ta daɗe a haka, ba hawaye,
leɓɓanta kawai ke motsi.
Ruwa na dukan kwano a samanmu.

Da suka tafi na ɗauko fensir,
na soke layin, na rubuta sunan
da rubutuna na ɗan aji shida.
Cik Rosnani, shugabarmu, ta gani ran Alhamis.
Ta gyara tabarau. Na shirya jin faɗa.
Ta zaro biro daga jaka
ta bi ta kan fensirin, harafi harafi,
ta wuce ofis.

Daren nan na zagaya da tocila ina ƙirga.
Arba'in da uku suka rage
masu cewa ba a sani ba.
Shi ya sa yanzu kujerata take bakin ƙofa,
ina gaida duk tsohon da zai wuce kasuwar kifi:
Tok, ruwa zai sauko,
shigo ka fake.