Lambar da Inna Ta Haddace

Shekara tara ina riƙe da lamba ɗaya a Gadarif.
Na rubuta ta da fenti a ƙofar sito na ridi,
na rubuta ta da gawayi a bangon Inna a Mai Wurno.
Inna ba ta karatu,
sai ta sa jikanta Tukur ya yi ta biya mata
har lambar ta zauna mata a ka kamar Ƙulhuwa.
In ta ari wayar maƙwabta ba ta neman taimako,
yatsa ɗaya, dannawa goma, sai muryata.

Yarjejeniyata da kamfani ta ƙare wata Laraba.
Na je da ƙafata, na ce a sauke min kuɗin wata-wata,
ridi bai yi daraja ba bana,
a bar min lambar, in riƙa sa kati daidai ƙarfina.
Yaron bayan gilashi ya ce an gama.
Ko guntun takarda bai miƙo ba.
Na yi godiya. Har albarka na sa masa.

Wata ya kama, saƙo ya shigo, wai ana bina.
Wata na biyu bashin ya haihu.
A na uku ina tsakiyar cinikin buhu arba'in
layin ya mutu a kunnena,
mai saye yana can Kosti yana cewa, nawa ka ce?

Na koma. Yaron ba ya nan, wata ce a kujerar.
Ta juyo min shafi na shida, can ƙasa,
rubutu ƙanana kamar ƙwayar ridi:
yarjejeniya tana sabunta kanta.
Ni da nake tsince ridi daga tsakuwa tun ina yaro,
wannan ƙwayar ta wuce idona.
Na ce, 'yata, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.
Ta ce, na gaba.

Aka nuna min ofishin masu sa wa kamfanoni ido.
Hawa biyu, fanka tana juya zafi,
wani babban littafi da ƙudaje suka sa wa hannu kafin ni.
Mai tebur ya farka, ya ba ni lambar kai ƙara,
ya ce in kira daga gida.
Na ce da wane layi?
Ya yi dariya, ni ma na yi,
don mai dokar barci ya riga ni gyangyaɗi.

Ranar wata Asabar babbar mota ta zo lodi.
Direban ya sauko, ya tsaya a ƙofar sito,
ya dubi fenti, ya dubi wayarsa, ya sake duban fenti.
Sunansa Siddiƙ, daga Bur Sudan.
Lambata ce a aljihunsa, sabuwa ya saye ta, da rasit.

Ya ce, to kai ne.
Duk Juma'a wata tsohuwa na kirana bayan la'asar.
Ba na jin yarenta.
Na gaya mata kuskure ne, sau uku, ba ta fasa ba.
Yanzu nakan tsaya gefen titi in kashe inji,
in na ji ta ambaci Allah, in ce amin.

Na ba shi gahawa. Hannuna na rawa, ta zube.

Bashin yana nan, jiya ma an aiko takarda,
wannan karon sun san hanyar takarda.
Na sayi sabon layi, Tukur yana biya wa Inna.
Ta ce masa ya ƙyale ta,
ta haddace ɗaya, kuma ana ɗauka.