Lamba Biyar

A filin bayan firamaren Sankara,
inda turakun raga reshen darbejiya ne,
shekara bakwai Hambali yana tsare baya,
bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba.

Ana ɗaga Jazuli a kafaɗa, shi da ya zura,
Hambali na gefe yana cire ƙaya a dunduniya.

Daga baya yake hango filin duka:
"Sabitu, koma hagu!
Tsalha, kar ka zuba ƙafa,
jira shi, zai gaji da rawa."
In ka bar gurbi, kafin ka waiga ya toshe,
kuma ba ya goranta maka in an tashi.

Ran da 'yan Ringim suka ci mu biyu,
ni na yi sake.
Ya ɗaga hannu gaban kowa: "Laifina ne."

Bana aka ɗora mini ƙungiyar noman rani.
Ruwa kaɗan, inji ɗaya, baki arba'in.
Jiya cikin dare kwamin Tsalha ya ɓalle.
Na ɗauki fartanya na toshe,
na dawo gida da taɓo har gwiwa.

Da safe muka gaisa.
Ban faɗa masa ba.