Sandar Awo

Ni ne Nomau kafinta, na unguwar Garkawa,
shekara ashirin da ɗaya ina jan zarto.
Ka kawo mini katako ko cikin duhu,
tafin hannuna zai faɗa maka inda ya karkace.
Amma ka miƙo mini takarda,
sai gumi ya karyo mini tun daga ƙeya.

Bara aka liƙa sanarwa a ofishin magajin gari,
ana neman mai haɗa teburan lakwal ɗari uku.
Kwana tara na yi ina zarya.
Rajistar shagona tana ƙasan akwati,
gara ta ɗanɗana kusurwarta.
Wasiƙar banki ta cinye mini takalmi.
Daren ƙarshe wuta ta ɗauke a shagon Illo mai buga rubutu,
muka zauna kewaye da injin
kamar masu zaman makoki.

Da safe suka buɗe ambulan a gaban kowa.
Wani mai tabarau ya ɗaga tawa,
ya juya, ya juya,
ya ce shafi na bakwai babu hatimi.
Ko kuɗin da na sa ba a karanta ba.
Na bi ta bakin tabkin Babaye zuwa gida,
ban ga ruwa ba.

Bana Habsu, ɗiyar ƙanena, ta gama karatun lissafi.
Ta zauna bisa buhun garin katako tana kallona,
na yanka ƙafar tebur arba'in ban taɓa mita ba.
Ta ce, Baba, ba ka aunawa?
Na nuna mata sandar awo,
guntun ƙirya da na yi wa tsaga tun ina yaron shago.
Na ce, sau ɗaya na auna, saura bin sawu ne.
Ta daɗe tana juya sandar a hannu,
sannan ta ce, ashe kai ma ka sani.

Washegari ta sayo jaka mai aljihu goma sha biyu,
jika biyu da rabi, sai da na yi tsaki.
Kowane aljihu ta raɗa masa suna.
A murfi ta rubuta ranar mutuwar kowace shaida,
don shaida ma tana lalacewa
kamar albasar da ba ta shiga rudu ba.
Labarin shagona ta rubuta sau ɗaya tak,
har da ƙofofin da na yi wa likitar Wadata,
waɗanda ni kaina na manta.
Farashi kuwa ta jera shi cikin inji,
in ƙusa ta yi tsada a kasuwa
lamba ɗaya ake taɓawa,
sauran su gyara zama da kansu.

Sanarwa ta fito ranar Litinin.
Laraba kafin la'asar mun gama.
Ta riƙe shafi, ina buga hatimi, tana ƙirgawa a fili.
Da muka zo na bakwai
na danna har tawada ta fito ta baya.
Sauran kwanakin na rasa me zan yi da su,
sai na koma na kama zartona.

Yau aka buɗe.
Mai tabarau ya juya, ya juya,
ya lashi yatsa, ya sake juyawa.
Sai na ji sunana, na ji kuɗina,
a bakin wani, cikin ɗaki cike da mutane.
Alkasum na Bilbis ya fi ni sauƙi da ɗan kaɗan.
Sun ce a dawo bayan sati biyu.
To, rabo dai ba a buga masa hatimi.

Na rataye jakar a ƙusa ɗaya da sandar awo.
Ɗazu Atto mai walda ya leƙo,
ya gaishe ni har sau uku,
idonsa yana kan bango.