Agogon Mi-ran

Shekara hamsin da shida ina nutso a gaɓar Jeju,
ba tulun iska a bayana,
sai huhun da uwata ta haife ni da shi.
Da kawa da ciyawar teku na biya wa Mi-ran makaranta.

Yau ga ta daga Busan da kwali biyu.
Ta ɗaura mini agogo mai ƙirga bugun zuciya,
ta ajiye wani abu kamar gwangwanin madara a kan kanta,
ta ce, "Inna, wannan zai riƙa yi miki magana."
Na ce, mahaifinki ma da ya yi shekara arba'in yana yi
ban ji rabi ba.

Ƙarfe bakwai gwangwani ya gaishe ni:
"Yang Ok-ryeon, farar ƙwaya ɗaya, ja biyu."
Yana kiran sunana a miƙe, ba ko rusunawa,
da harshen mutanen birni.
In na amsa da harshen tsibiri
sai ya ce bai gane ba, in sake.

Wata Laraba lemo ya gangara ƙarƙashin tebur.
Na bi shi, na tarar daɓen da ɗumi, na miƙe abina,
na riƙe numfashi don in ga ko har yanzu ina nan.
Ina ƙirga saba'in sai ga jiniya a ƙofa,
samari uku da gadon ɗaukar majinyaci.
Agogo ne ya kai tsegumi.
Kunya ta sa na zuba musu miya,
ƙaramin cikinsu har da neman ƙari.

Daren nan na kwance munafukin,
na rataye shi a ƙusa kusa da tsohon gilashin nutsona.

Sai watan sanyi, da asuba,
santsin banɗaki ya ɗauke ƙafata.
Ƙugu ya ƙi, murya ta ƙi.
Agogo na can a ƙusa yana ƙirga bugun bango.
Abin da ya rage mini shi ne fito,
irin wanda muke yi in mun ɓullo daga ƙasan ruwa
don 'yan'uwa su san ba a rasa kowa ba.

Na yi sau ɗaya. Na yi sau biyu.
Daga ɗaki gwangwani ya ce, "Ban gane ba.
Kina lafiya? In kira Mi-ran?"
Na tattara iskar da ta saura,
na ce masa i, da harshen birni.

Yanzu da sanda nake zuwa gaɓa, agogon a hannuna.
Ba mu shirya ba tukuna.
Jiya ya ce na yi taku dubu da ɗari biyu, ya yaba mini.
Na kalli ruwa, na ce masa,
yaro, da ka san ni lokacin da ba da ƙafa nake tafiya ba.