Littafin Ranar Alhamis

Ni ke riƙe da alƙalami a lokacin,
ba don na fi kowa baki ba,
rubutuna ne dai ba ya karkacewa.
Ran Alhamis bayan la'asar, a ɗakin cin abinci,
sai a tura tebura jikin bango,
Barmo ya bugi ƙarfen tayar mota sau uku,
Mushe Garniye ya kwance agogonsa ya ajiye:
kowa minti biyar, kuma da Faransanci.

Mun sha musu a kan abin da bai kai ya kawo ba.
Doki ko basukur.
Teku da hamada, wacce ta fi kisa,
mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi na Madarunfa ba.
Arzika yakan kwana yana haddar jimloli a gindin fitila,
ya zo ya zazzage mana su kamar huhun goro,
mu tafa, ba mu san me ya ce ba.

Sai shekarar da buhunan gyaɗa suka kere itatuwan Maradi tsawo.
Aka rubuta a allo: Gyaɗa arzikin ƙasa ce.
Ƙuri'a ta ba Nomau ɗan Jiratawa ɓangaren musu,
Nomau mai i'ina,
wanda wandonsa bai taɓa gaisawa da idon sawunsa ba.

Ya fara daidai.
Ya gaida shugaba, ya gaida zaure,
ya kawo lissafin kilo da tamma.
A minti na uku Faransancin ya tsinke masa
kamar igiyar guga a tsakiyar rijiya.
Har ƙarar agogon muna ji.
Sai ya ce, da harshen gidansu, babu i'ina ko ɗaya:
"Buhu tara babana ya kai kanti bana.
Rumbunmu kuwa ƙadangare ke kwana ciki.
A cikinku wa ya taɓa tuƙa tuwo da takardar haraji?"

Ba wanda ya tafa.
Kuku Gonda ya leƙo ta taga da ludayi a hannu.
Mushe ya ɗaura agogonsa a hankali,
ya ce a kawo sambol.
Ƙashin jaki ne da igiya,
ladan wanda Hausa ta suɓuce wa.
Kwana uku Nomau yana yawo da shi a wuya.

Ni kuwa na duƙa na rubuta da kyakkyawan hannuna:
Mai magana ya ɓatar da zaren zancensa.
Masu gyaɗa sun ci.

Jiya jikata Hadiza tana shara
ta zaro littafin daga ƙasan adaka.
Gara ta cinye dokin da basukur ɗin,
ta shanye tekun,
ta cinye Arzika kaf da jimlolinsa,
amma ta bar wannan layi.
Yarinyar ta karanta da ƙarfi, Faransancinta ya fi nawa santsi,
ta ce, "Kaka, wane zare ne ya ɓata?"

Nomau ya rasu tun shekarar fari.
Na ce ta miƙo mini bik.
Hannun yana rawa yanzu,
layin sai karkacewa yake.